Mai Layi Takwas Ta Mutu Tana Sauraro

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, mai ɗaukar sautin nan da kuka fi sani da Ɗaya-Biyu, saboda yadda yake gwada makirfo, yake sanar da 'yan uwa, abokan sana'a, da duk wanda ya taɓa tsayawa gaban makirfonsa, cewa miksarsa, Mai Layi Takwas, ta rasu. Ta cika ranar Talata da ƙarfe ɗaya da minti goma sha bakwai na rana, a kan teburinta na ɗakin baya, bayan ta shekara goma sha huɗu a hannunsa. Shekarunta na gaskiya ba wanda ya sani, don ta hannu ce ya saya. Wanda ya sayar masa ya yi ta rantsuwa sabuwa ce, alhali wani ya riga ya rubuta "ganga" da biro a ƙarƙashin layi na biyar.

A bakin aiki ajali ya same ta. Tana cikin ɗaukar muryar yayarsa ne, wadda za a yi wa aikin maƙogwaro washegari, bayan likita ya gaya mata ƙarara cewa mai yiwuwa ta farka ba murya. Yadda abin ya faru yana nan tafe, har da wanda ya jawo shi, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma ba a fara zancen mamaci da ciwonsa. Da halinsa ake farawa.

Ga wanda bai san aikin marigayiya ba, miksa ita ce akwatin nan mai tarin maɓallai da ake jona wa makirfo, kowanne da layinsa, ta karɓi murya, ta daidaita ta, ta miƙa wa lasifika ko kwamfuta. Mai Layi Takwas ta yi wannan aiki ba ƙorafi. In an kunna ta sai ta ce "ƙas", ta ɗan yi jim, sannan ta ɗauki wani gunji siriri, "mmm", wanda ba mai jinsa sai wanda ya zauna da ita. Layinta na uku yana da tari. Da ka tura maɓallinsa zai ce "ƙarrr", saboda haka aka bar shi ga masu dogon jawabi.

Ita ta koya wa maigidanta ladabin sana'a, kuma da duka ta koya masa. A makonsa na farko da ita, a wani zauren taro, ya kunna amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, kafin ya kunna ta. Lasifikoki suka ce "ɗum!", wata tsohuwa ta saki kofin hannunta, lasifika ɗaya ta yage har lahira. Tun daga ranar ya san cewa amfilifaya kamar babban baƙo yake, shi ne na ƙarshen shigowa, shi ne na farkon tashi. Ta kuma koya masa karanta 'yan fitilun goshinta. Kore lafiya lau, rawaya a yi hattara, in kuwa ja ta kama ta zauna, murya ta fashe, kuma abin da ya fashe wajen ɗauka ba gwanin da zai ɗinke shi wajen gyara. Ba ta taɓa yi masa ƙarya a kan wannan ba, ko da mai maganar shugaban taro ne.

Ta sha wulaƙanci a hannun manya. Akwai masu bubbuga kan makirfo da yatsa kamar masu gwada kankana, akwai masu cusa shi cikin baki, akwai kuma gwanayen da sai sun je gaban lasifika sun tsaya da makirfo a hannu. Nan take sai zaure ya ɗauki "wiiiii", kowa ya toshe kunne, kuma duk idon da ke wurin ya juyo kan Ɗaya-Biyu, ba kan mai laifin ba. Tare suke shanye wannan harara, shi da ita. Zai ja maɓalli ƙasa, ta yi shiru, mai jawabi ya ci gaba da cewa injiniyoyin zamanin nan ba su san aikinsu ba.

A gida kuwa, ita ce sarauniyar ɗakin baya. Akwai wani ƙaramin sito a jikin ɗakin, shi Ɗaya-Biyu ya mayar wurin ɗaukar murya. Da farko ya bi shawarar masu shawara ya lilliƙa kiret ɗin ƙwai a bango, abin da ya samu shi ne kyankyasai. Daga baya ya jingina tsofaffin katifu biyu, ya rataye bargon da matarsa take cigiya har yau, amsa-kuwwa ta mutu. Ya fasa 'yar taga a ƙofar siton ya sa gilashin tsohon kabad, don ya riƙa ganin mai magana daga inda yake zaune. Dokar ɗakin ba ta da yawa: tazarar taki ɗaya na hannu tsakanin baki da makirfo, a kashe fanka, a kashe firij. Sau ɗaya ya manta bai sake kunna firij ɗin ba har kwana ya kewayo, kuma abin da ya biyo baya ba na sanarwar rasuwa ba ne.

Marigayiya ta bar lasifikoki biyu, babba da ƙarama, ƙaramar tana fama da dasashewa. Ta bar abokin zamanta amfilifaya, mai ƙarfin murya amma ba ya iya furta komai sai abin da ta gaya masa. Ta bar makirfo uku. Biyu 'yan gwagwarmayar taro ne, na ukun kuwa ɗan lele ne mai jin numfashin sauro, wanda ba ya aiki sai ita ta ba shi wuta daga jikinta, kuma yanzu ya zama maraya na gaske. Ta bar igiyoyi masu yawa a cukurkuɗe cikin buhu, da sitabilaiza wadda tana bakin aiki ranar da abin ya faru amma ta ce ba ta ga komai ba. Ta bar matar gidan, wadda ba su taɓa shiri ba, amma ita ce ta fara kuka.

Ciwon ajalin ya fara wata biyu da suka wuce. Gunjinta ya yi kauri, bayanta ya riƙa ɗaukar zafi tun ba a yi nisa da aiki ba. Mai Gyara, wanda shagonsa yake can ƙarshen gari, ya ce a kawo ta ya duba. Ɗaya-Biyu ya ce bayan aikin Asabar. Asabar takwas suka wuce.

Sai maganar Yaya ta taso. Mijinta, Tela, ciwon sukari ya tafi da idonsa shekara shida ke nan. Tun daga lokacin ita ce idonsa, kuma da baki take yi masa gani. Ita ke cewa akwai tudu, ita ke cewa kofin yana damanka. In muryarta ta tafi, za ta iya rubutu amma shi ba zai karanta ba, zai yi magana ta ji amma ba ta da abin amsawa. Mutum biyu a ɗaki ɗaya, kowa a kulle. Yaya ba mai zaman kuka ba ce. Ta samo littafin 'yan makaranta ta rubuta magana arba'in da ɗaya da take gaya masa kullum, ta ce ƙanenta ya ɗauke su ya zuba mata a waya, kowace da lambarta, in ta danna Tela ya ji.

Sun fara da ƙarfe goma na safiyar Talata. Motar da za ta kai ta asibiti za ta zo ɗaya da rabi, don an ce ta kama gado kafin ƙarfe biyu. Ciwon ya riga ya cinye muryar, saura wani abu kamar iskar da ke shigowa ta ƙasan ƙofa, kuma kowace magana sai ta biya ta da tari da kurɓin ruwan ɗumi. Ɗan lelen makirfon nan ne kawai yake iya kamo ta. Ɗaya-Biyu ya sa hedifon, ya ɗaga layi na ɗaya a hankali har kore ta fara rawa, sai ga yayarsa a cikin kunnensa kamar shekara goma baya.

"Shayinka na gabanka, da zafi."

"Tsaya, akwai bokiti."

"Rigar a bai-bai ka sa."

"Ba ni na ɗauka ba."

"A'a" kaɗai kala uku ta yi: mai taushi, ta gargaɗi, da ta ƙarshe wadda ba a ɗaukaka ƙara bayanta. Ɗaya-Biyu ya san ta ukun tun yana yaro, har ya gyara zama da ya ji ta.

Ƙarfe goma sha ɗaya aka ɗauke wuta, aka tada janareta. A magana ta goma sha tara fitilun marigayiya suka mutu gaba ɗaya. Fis ne ya ƙone. Fis ɗan kwalba ne ƙarami mai siririn zare a ciki, aikinsa ya mutu domin na'ura ta rayu. Akwai guda ɗaya na ajiya, ya sa. A magana ta ashirin da bakwai shi ma ya bi ɗan uwansa. Agogo ya nuna sha biyu da minti ashirin.

Ya fita tsakar gida ya kira Mai Gyara.

"Sau biyu?" in ji Mai Gyara. "Fis ba ya ƙonewa don wasa. Akwai abin da ke cin wuta a cikinta. Kashe ta ka kawo min."

"Zuwa wurinka da dawowa awa biyu ne. Ba ni da su."

"To nemi aro."

"Na kira mutum biyu. Ɗaya yana wurin aiki da tasa, ɗaya bai ɗauka ba."

Mai Gyara ya ce, "Kada ka kuskura ka ɗaura mata waya. Na san halinku."

Matarsa ta ce a gwada da wayar hannu mana, ai duniya duk da ita take ɗaukar murya. Ya haɗiye girman kansa aka gwada. Da aka saurara, ga janareta, ga injin niƙan maƙwabta, ga wani babur da ya wuce, Yaya kuwa tana can ƙasa kamar mai magana daga cikin rijiya. Ita kanta da ta ji sai ta kawar da kai, ta dubi littafinta, ta ƙirga abin da ya saura da yatsa.

Akwai wata ɗabi'a a sana'ar nan da kowa ya sani, kowa kuma yake tsine wa a bainar jama'a. In fis ya ƙone ana tsakiyar aiki, sai a fere igiyar wuta, a zare silin jan ƙarfe, a naɗe fis ɗin da shi a mayar. Wuta za ta wuce, aiki zai ci gaba, amma ka kori mai gadi ne don ya cika ihun ɓarawo. Shekara da shekaru Ɗaya-Biyu yana kiran masu yin haka makasa. Ya taɓa ƙin gaisawa da wani abokin sana'a wata guda a kan wannan. To, in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ya ɗauki reza ya fere igiya, har ya yanki ɗan yatsa.

Ta ce "ƙas". Ta yi jim. Gunjin da ya biyo baya ba nata ba ne, wani "ɓuuu" ne mai nauyi da ake ji har a katakon tebur. Amma kore ta kama.

"Yaya, mu tafi. Ashirin da bakwai."

Matarsa ta ɗauko murfin tukunya ta tsaya tana yi wa bayan miksar fifita. Bayan kowace magana yakan adana a kwamfuta kafin a shiga ta gaba. Talatin. Talatin da uku, aka tsaya tari na minti huɗu, yana kallon agogo yana jin kowane minti yana fita daga ran marigayiya. A talatin da shida ba ya iya ɗora tafinsa a bayanta. A talatin da tara ƙaurin roba ya cika ɗakin. Arba'in ta shiga lafiya, ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyu.

Sai Yaya ta ƙwanƙwasa gilashi. Ya buɗe ƙofar siton.

"Auta, cire wannan abin daga kunnenka."

"Yaya, in ban ji ba ta yaya zan san ko..."

"Wannan ba naka ba ne. Ko bayan raina ban yarda ka saurara ba."

"To ki taƙaita, don Allah. Na'urar ba ta da lafiya."

"Auren shekara talatin da biyu zan taƙaita?"

Ta ja ƙofar da kanta. Ya ajiye hedifon a tebur, karo na farko a rayuwarsa da zai ɗauki murya da kurman kunne. Ba abin da ya rage masa sai 'yan fitilun nan. Kuma akwai igiya ɗaya da ta haɗa miksar da kwamfuta. In wuta ta ɓalle a cikin marigayiya ta bi wannan igiya, za ta iya tafiya da kwamfutar, da magana arba'in ɗin da ke cikinta, waɗanda bai kwafa ko'ina ba, shi da yake yi wa mutane wa'azin ajiye kwafi biyu. Ya kama igiyar da hannun hagu, ya danna ɗauka da na dama.

Kore ta hau, ta sauka, ta hau. Minti ɗaya. Ta gilashi yana ganin Yaya, ido a rufe, hannu ɗaya a maƙogwaro, leɓɓanta suna motsi. Littafin ma ta rufe shi. Minti biyu. Wani zaren hayaƙi ya fito ta ramukan bayan miksar.

"Baban yara, hayaƙi," matarsa ta ce a hankali.

"Na gani."

"Ka cire."

"Ba ta gama ba."

"Za ka rasa duka."

Gaskiya ta faɗa. Gumi yana shiga idonsa bai iya sharewa ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba a gaban dubban mutane. Minti uku. Hayaƙin ya yi kauri, murfin tukunya ya tsaya a hannun matarsa. A minti uku da daƙiƙa arba'in fitilun duka suka yi tsalle suka koma ja, marigayiya ta yi wata ƙara da ba ta taɓa yi ba, "tsss... fat!", ya fizge igiyar. Fuskar kwamfuta ta ƙifta, ta dawo.

A cikin sito leɓɓan Yaya ba su tsaya ba. Ta ƙara kusan rabin minti tana magana da mataccen makirfo, shi kuwa yana zaune da igiya a hannu, ya kasa ƙwanƙwasa mata gilashi.

Da ta fito ta ce, "Ya ɗauka duka?"

"Ya ɗauka, Yaya."

Mota ta yi hon a waje.

An yi aikin ranar Laraba. Yaya ta tashi, Allah ya sa da sauran kwana, amma murya ba ta taso tare da ita ba. Magana arba'in suna nan lafiya, ya tace su, ya zuba a waya. Ta arba'in da ɗaya bai saurara ba. Zanenta kawai ya kalla a kwamfuta, tana hawa tana sauka, sai ta yanke tsaf a tsakiyar tudu kamar an sa wuƙa. Kwana uku abinci ba ya wuce masa.

Ranar Juma'a ya ɗauki hedifon ɗinsa mai kyau ya je wurin Tela, ya sa masa, ya danna ta arba'in da ɗaya, ya fita ya zauna a benci. An daɗe kafin a kira shi.

"Auta, akwatin nan naka ya mutu ko?"

"Ya mutu, Yaya Tela. Kuma maganar ba ta kai ƙarshe ba. Laifina ne. Na ce mata ta kai."

"Ido na rasa, ba kunne ba." Tela ya shafa hedifon ɗin da ke cinyarsa. "Inda ta tsaya, na san sauran."

"Bari in yanke wannan ƙarar ta ƙarshe, kada ta riƙa dukan kunnenka."

"Kada ka taɓa ta. Da ita nake gane ba yayarka ce ta yi shiru ba."

Ya gaya wa Yaya gaskiya a gadon asibiti. Ta jawo takarda ta rubuta: "Ƙauri ya ishe ni tun kafin ya ishe ka. Kuma tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba." Ta ja masa kunne, da ƙarfinta na da.

Mai Gyara ya buɗe gawar ranar Litinin. Ya leƙa, ya girgiza kai, ya zare silin jan ƙarfen da filaya ya ɗora a tafin hannun maigidanta. Abin da ya ce kawai shi ne, da an kawo ta wata biyu da suka wuce, aikin rabin yini ne. Saboda haka Ɗaya-Biyu ba ya ɗora wa janareta laifi, ba ya ɗora wa masu wuta. Shi ya ƙi kai ta asibiti tana ciwo, shi kuma ya kori mai gadinta. Na farkon yana nadamarsa har ransa. Na biyun, in aka mayar da shi ranar Talatar nan, ba zai yi muku alkawarin komai ba.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Masu sayen tsohon ƙarfe kada su wahalar da ƙafarsu, ba za a ɗora ta a sikeli ba. Maɓallanta da suka tsira an yi sadakarsu ga abokan sana'a masu buƙata, sai a ga Mai Gyara. Za a goge ta, a naɗe ta cikin farin ƙyalle, a ɗora ta a saman kantar kaya a ɗakin baya ranar Asabar da hantsi, iyalai kawai. Wani dattijo ya ja kunne cewa ba a roƙa wa ƙarfe rahama, don haka mai zuwa ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya wadatar.

Za a karɓi gaisuwa ranar bayan la'asar a gidan Yaya, tunda an sallamo ta amma ba a yarda ta fita ba tukuna. Ba za a kafa lasifika ba, ba kuma jawabi. Roƙo ɗaya iyalan suke yi. In kun yi sallama kuka ji muryar mace daga falo ta ce, "Maraba, ku shigo mana," ku amsa yadda kuka saba amsa mata. In kun shiga za ku ga waya a hannunta. Kada ku kalli wayar. Ita za ku kalla.